Sai Da Safe, Dattijo

Tambayoyin ɗaukar aikin ba su kai minti goma sha biyar ba. Za ka iya tsayuwar awa takwas? Za ka yi aiki Asabar da Lahadi? In baƙo ya zage ka, za ka iya yin murmushi? Na ce e, e, e. Ina ɗalibi a Amurka lokacin, hutun bazara ya zo, aljihu ya yi ƙaƙaf, ga wani katafaren wurin shaƙatawa mai lilo da jiragen wasa yana neman ma'aikatan kaka ɗaya. Ba zan ambaci sunan wurin ba. Abin da zan ce kawai, cikin duk takardun da na sa wa hannu a ranar, babu wadda ta ce aikina ya haɗa da gaida matacce safe da dare.

Kwana biyun farko a aji muka yi su, kuma rabin karatun na koyon sabon baki ne. Babu kwastoma, sai baƙo. Duk inda baƙo ke iya ganinka dandali ne, inda ba ya gani kuma bayan fage. Ba a nuna hanya da yatsa ɗaya, sai da biyu ko da tafin hannu a buɗe. Ba a cewa lilo ya lalace, sai dai a ce ya ɗan dakata. Mai koyar da mu ba ta ɓoye ba cewa yawancin wannan salo daga Disney aka kwaso shi, waɗanda suka buɗe Disneyland a Kalifoniya ranar 17 ga Yuli, 1955, suka ɗauki wurin tamkar wasan kwaikwayo, ma'aikata kuwa 'yan wasa. Sai kuma lambobin oba-oba. A can Disney, in aka ce 101, lilo ya tsaya, in aka ce 102 ya dawo aiki. Mu ma muna da namu: lambar yaro ya ɓace, lambar wani ya yi amai, lambar a turo masu agajin gaggawa ba tare da an ɗaga hankalin kowa ba.

Daga baya na gane cewa a nan jita-jita ke samun taki. Wurin da aka hana mutane dubu faɗin abin da ya faru da sunansa, kowa ya ji lamba ta wuce a oba-oba sai ya cike gurbin da abin da ransa ya ba shi. Kafin la'asar, wanda ya suma saboda zafin rana ya zama wanda ya faɗo daga ƙololuwar lilo.

Aka tura ni gidan duhu. Tsohon gini ne mara taga, ƙananan motoci masu cin mutum huɗu suna bin dogo a cikinsa, suna ratsa ɗakuna cike da mutum-mutumi masu motsi, da ƙara, da hayaƙi, su fito da kai bayan minti huɗu da 'yan kai. Aka ba ni ɗan littafi mai shafuka da yawa, kowane shafi da gurbin sa hannu. Sai an sa maka hannu a shafin ɗora baƙi kafin ka taɓa ƙarfen da ke riƙe su a kujera. Sai an sa a shafin ƙarfen kafin ka zauna gaban allon sarrafawa. Shafin ƙarshe shi ne rufe gida da dare, kuma shi ne ke bambanta ɗan koyo da ɗan gida.

Wadda aka haɗa ni da ita ta shekara goma sha ɗaya tana dawowa wannan ginin duk bazara. Ba ta da yawan magana. A rana ta uku ta ce in zo da sassafe mu buɗe tare. Muka zagaya ta baya, ta cire kwaɗonta daga ƙugu ta maƙala a jikin makunnin wutar dogo, ta sa ni na maƙala nawa kusa da nata. Sai ta tsaya bakin ƙofar ƙarfe, ta buga sau uku da bayan tocila, ta ɗaga murya:

"Barka da asuba, Dattijo. Mu biyu ne, mun shigo."

Na waiga ina neman dattijon. Babu kowa. Na dube ta ko zan ga alamar dariya, fuskarta kamar mai karanta lambar mita.

"Kai ma faɗi," in ji ta.

Na faɗa, cikin muryar wanda aka tilasta wa ba da haƙuri. Da muka gama zagayen muka fito, ta sake bugawa: "Mun fito, mu biyu." Sannan ta cire kwaɗo.

A ɗakin hutu na samu bayani, ko in ce bayanai, don kowa da nasa. Wani ya ce Dattijo mai gadi ne da zuciyarsa ta buga a ɗaki na shida, ba a gan shi ba sai da safe. Wata ta ce ƙarya ne, kafinta ne, ya faɗo daga tsani tun ana ginin. Wani yaro mai sayar da tikiti, wanda ko sau ɗaya bai taɓa shiga ta ƙofar baya ba, ya rantse cewa ya san wanda ya san wadda ta ga inuwarsa a kamara. A abu ɗaya suka haɗu: ranar da aka manta ba a gaishe shi ba, gidan ba zai yi aiki lafiya ba. Ni dai na taso da sanin cewa wanda ya mutu ya tafi ke nan, kuma ko da a ce ana dawowa, ban ga abin da zai sa mutum ya dawo aikin da ko da rai ba a biya shi da kyau ba. Na faɗi haka, aka yi dariya, amma na lura ba a ƙara ba ni labari a ranar ba. A wannan ɗakin labari shi ne kuɗin shiga. Wanda ya raina shi, a bakin ƙofa zai ci abincinsa.

Sarkin ɗakin hutun wani ne da ya taɓa aiki a Disney ta Fulorida na 'yan watanni, kuma ba ya bari a manta. Shi ya gaya mana cewa ko a can haka ake yi: a gidan 'yan fashin teku na Magic Kingdom, wurin shaƙatawar Disney na can, ma'aikata suna gaida wani da suke kira George da safe, su yi masa sai da safe da dare, wai ma'aikacin gini ne da ya rasu a wurin. Shi ya kawo labarin cewa an daskarar da gawar Walt Disney, wanda ya kafa kamfanin, a ƙanƙara an ɓoye ƙarƙashin wani lilo, ana jiran ranar da likitoci za su iya tashe shi. Shi ya ba da labarin birnin da ke ƙarƙashin ƙasa, da na masu zuwa da tokar 'yan uwansu da aka ƙona su watsa a gidan fatalwa.

Na ɗauki ɗabi'ar bin diddigin waɗannan labarai da dare a waya, da niyyar in dawo in kunyata shi. Na ƙanƙara dai ƙanzon kurege ne. Walt Disney ya rasu ranar 15 ga Disamba, 1966, aka ƙona gawarsa, tokar tana maƙabartar Forest Lawn a Glendale. Mutum na farko da aka daskarar da irin wannan buri ma sai a Janairun 1967 aka yi masa. Amma sauran sun ba ni kunya. Hanyoyin ma'aikata na ƙarƙashin Magic Kingdom gaskiya ne, sai dai ba haƙa su aka yi ba. Ruwan ƙasa a Fulorida yana kusa da sama ƙwarai, don haka a doron ƙasa aka gina su, aka kwaso ƙasar da aka haƙo wajen yin tafkin gaban wurin aka lulluɓe, aka ɗora wurin shaƙatawar a kai kafin buɗewarsa ranar 1 ga Oktoba, 1971. Ma'ana duk baƙon da ke yawo a can a bene yake bai sani ba. Maganar toka kuwa, jaridar Wall Street Journal ta yi rahoto a kanta a 2018, inda masu shara suka tabbatar ana yi, har da lambar da suke kira a kawo injin zuƙe ƙura na musamman. Daga nan na rage ɗaga hanci. In abin da ya fi kama da tatsuniya ya tabbata, wanda ya fi kama da gaskiya ya zama ƙarya, to ba da jin kunne ake tacewa ba.

Ba duk jita-jitar ba ce ta matattu. Kullum akwai sabuwa: za a sayar da wurin, za a rushe gidan duhu a ƙarshen kaka, mutumin nan mai jar hula da ya hau sau uku ɗan leƙen asirin ofis ne. Akwai kuma wadda kusan kowane wurin shaƙatawa ke da irinta, wai ba a taɓa yarda a ce mutum ya mutu a cikin shinge, sai an fitar da shi waje. Wannan ban taɓa jin daɗinta ba, don na ga masu agajinmu suna aiki, na san ba lissafin shinge ke gabansu ba.

Na samu sa hannu a ɗora baƙi cikin mako guda, na ƙarfe bayan kwana huɗu. Allon sarrafawa ya ci mini mako biyu. A jikinsa akwai zanen dogon, an raba shi yanki-yanki, kowane yanki da fitilarsa. Mota ta shiga yanki, fitila ta kama. Ta fita, fitila ta mutu. Dokar da ke riƙe da komai ɗaya ce: mota biyu ba sa zama a yanki ɗaya. In na gaba bai zama fanko ba, kwamfuta ba za ta saki ta baya ba, ko da ka danna maɓalli har yatsanka ya karye. Haka manyan jiragen lilo masu gudu ma suke aiki.

A mako na huɗu, wani daren Talata, muka sallami baƙi na ƙarshe, muka jera motoci a tasha. Na ƙirga, goma sha huɗu cif. Na duba allo, fitilar yanki na shida tana ci.

Na sake ƙirgawa. Goma sha huɗu. Na duba kamarar ɗaki na shida, dogo ne kawai a kwance, babu komai a kansa. Sai a lokacin na tuna cewa da safen nan wani sabon yaro ne ya buɗe, kuma an yi ta tsokanarsa cewa ya shiga bai yi gaisuwa ba. Ba zan yi ƙarya ba, tsigar jikina ta tashi. Yarinyar da ke tare da ni a tasha ta ja baya daga allon kamar zai cije ta.

Mai horar da ni ta kira ɓangaren gyara a oba-oba. Wanda ya zo wani farin tsoho ne mai furfura har gira, ya fi kowa daɗewa a wurin. A can kowa da sunansa a ƙirji, ɗan shekara sha takwas zai kira sa'an kakansa da suna gatsal, ni kuwa bakina ya ƙi, sai na riƙa ce masa Shugaba, shi kuma yana jin daɗin abin. Ya kalli allon sau ɗaya.

"Jirgin fatalwa ne," in ji shi.

Na zaci ba'a yake. Ashe sunan abin ke nan a bakin makanikai, a duk inda ake da dogo mai yankuna. A bakin kowane yanki akwai na'urar da ke jin wucewar mota. In ta mashiga ta ji, ta mafita kuwa ta kasa ji saboda ƙura ko ta ɗan goce daga saiti, sai kwamfuta ta ci gaba da riƙe cewa akwai mota a ciki. An gina ta ne ta zaɓi tsoro: gara ta ga motar da babu da ta kasa ganin wadda ke nan.

"Zo da kwaɗonka, ɗana. Yau za ka ga ɗakin Dattijo."

Muka maƙala kwaɗo uku. Ya koma kan allo ya danna maɓallin tayarwa don ya tabbatar babu abin da zai motsa. Sannan, ga mamakina, wannan mutum da ya gama yi mini bayanin waya da ƙura ya buga ƙofa sau uku ya ce, "Dattijo, mu uku ne."

Wanda bai taɓa shiga irin wannan gini da fitilun aiki a kunne ba, ba zai gane ba. Duhun da baƙi ke biya su gani ya fi daɗi. Da haske, bangon dutse katako ne da fenti, sama duk wayoyi da bututu, ƙasa cike da hulunan da iska ta ƙwace da takalmin yaro ƙafa ɗaya. Mutum-mutumin suna tsaye inda wuta ta yanke musu, wani baki buɗe, wani hannu a sama. Muna wucewa ta ɗaki na huɗu sai na ji huci a bayana, fuuu, na juya, na ga wata tsohuwa ta roba tana sunkuyar da kai sannu a hankali har haɓarta ta taɓa ƙirji. Tocila ta faɗi daga hannuna. Shugaba bai ko waiga ba. Ya ce iska ce ke motsa su, in an kashe injin matsa iska sai ragowar ta riƙa sulalewa daga bututu, kowanne ya saki jiki a lokacinsa, wani bayan minti biyar, wani bayan awa guda. Mai gadin da bai san haka ba, ya zo wucewa ƙarfe biyun dare, me kake so ya ba da labari da safe?

A ɗaki na biyar na ga mutum tsaye a gabana da tocila, na daskare, sai na gane ni ne. Wani ƙaton gilashi ne a karkace, wanda ba a ganinsa daga cikin mota. Dabara ce tsohuwa, tun 1862 John Henry Pepper ya nuna ta a Landan: a ɓoye abu a gefe, a haska shi, hotonsa ya faɗo kan gilashi, mai kallo ya ga siffa tana shawagi yana kuma hango abin da ke bayanta. Da ita ake yin fatalwowin da ke rawa a Haunted Mansion, gidan fatalwa na Disneyland, tun 1969. Gilashin bai san bambancin mutum-mutumi da ma'aikaci ba. Duk wanda ya tsaya a gurbin da haske a hannu, kamara za ta nuna shi a inda ba ya nan.

Ɗaki na shida kuwa sanyi gare shi, kuma ƙirji yana yin nauyi a ciki. Shugaba ya haska sama, ga wata tsohuwar fanka mai faɗin ƙofa a bakin bututun iska. Na taɓa karanta labarin wani injiniya ɗan Ingila, Vic Tandy, wanda ya wallafa a 1998 cewa fankar ɗakin aikinsa tana fitar da sauti mai kaɗawa kusan sau 19 a daƙiƙa, ƙasa kaɗan da abin da kunne ke kamawa, kuma yana ganin shi ya sa mutane ke jin kamar akwai wani a ɗakin. Na gaya wa Shugaba. Ya ce shi dai ya san fankar tana bukatar sabon bel. Ya durƙusa, ya goge na'urar da gefen rigarsa, ya ɗaure wata ƙusa da ta saki. Aikin bai kai minti biyu ba.

A hanyar fita na tambaye shi kai tsaye. "Shugaba, wai da gaske wani ya mutu a nan?"

Ya ce tun zuwansa babu, kuma waɗanda ya tarar ba su taɓa ce masa an yi ba. Abin da ya gani da idonsa shi ne wani yaro, shekaru da yawa baya, da baƙuwa ta roƙa ya ɗauko mata hularta. Ya zame ta ƙofar baya bai gaya wa kowa ba, bai sa kwaɗo ba, don a ganinsa abin daƙiƙa talatin ne. Wanda ke kan allo ya saki mota. Yaron ya rayu, amma da sanda ya bar asibiti. Aka yi taro, aka liƙa takardu a bango, kaka ta zagayo aka kawo sababbin yara da ba su san komai ba, takardun suka koɗe. Wajen wannan lokacin ne ya fara jin ana buga ƙofa. Bai san wa ya fara ba, ko ya sani bai faɗa mini ba.

"Ka ce wa ɗan shekara sha tara doka ce, zai bi in kana kallo. Ka ce masa akwai wanda zai yi fushi a cikin duhu, ko shi kaɗai ne sai ya ɗaga murya ya faɗi su nawa ne." Ya cire kwaɗonsa. "Kada ka gaya wa yaran."

Na so in ce ai wannan yaudara ce, kuma har yau ban gama yarda cewa ba ita ba ce. Gaisuwa ba ta yanke wuta, kwaɗo ke yankewa. Na taɓa ganin wani ya buga ƙofa da ladabi ya shige alhali kwaɗonsa na rataye a ƙugunsa, sai da aka jawo shi da riga. Amma kuma a duk bazarar ban ga wanda ya shiga ginin nan shiru ba.

Jarrabawar rufe gida na faɗi a karon farko. Na ƙirga motoci, na sa kwaɗo, na buga ƙofa, na yi gaisuwa har da ƙari, na zagaya ɗakuna tara ina kiran kowanne a oba-oba, na fito ina jin kaina. Mai horar da ni ta rufe littafin ba ta sa hannu ba. Na manta ban koma na danna maɓallin tayarwa ba bayan sa kwaɗo. Kwana uku na jira, na sake, ta sa hannu, ta miƙo mini makullin ƙofar baya ba tare da ko sannu ba.

A watan Agusta aka haɗa ni da wani sabon yaro mai surutu, irin wanda ya san komai tun kafin a faɗa. Da sassafe muka zagaya ta baya, na sa shi ya maƙala kwaɗo, na danna maɓalli, na buga ƙofa sau uku. Ya ƙyalƙyale da dariya ya ce wane ne Dattijo. Ban shirya ba, bakina ne kawai ya tafi. Na ce mai gadi ne, kuma in ka ji ƙarar makullai a ɗaki na huɗu, kada ka waiga. Babu wanda ya taɓa gaya mini maganar makullai, a nan take na ƙirƙire ta. Dariyar ta ɗauke. Ya yi gaisuwa da ƙarfi fiye da nawa, ya kuma faɗi mu nawa ne ba a tambaye shi ba.

Ana saura mako guda in koma makaranta, ina zaune a ɗakin hutu, wata mai aiki a lilon ruwa, can ɗaya ƙarshen wurin, ta jawo kujera kusa da ni. Ta ce ta ji a gidan duhu nake, shin gaskiya ne ana jin makullan Dattijo a ɗaki na huɗu? Don ƙawar yayarta ta yi aiki a nan shekara goma da suka wuce, kuma ita da kunnenta ta ji su, har sau biyu.

Na ce mata ni dai ban taɓa waigawa ba.